Tsohon injin kwale-kwale: a tashe shi, a sayi na hannu, ko a nemi sabo?

A garuruwan bakin Kogin Neja, daga Yauri har zuwa Warra da Malale, da wuya mutum ya shiga zauren tsohon ɗan fito bai tarar da inji jingine a lungu ba, an lulluɓe shi da buhu, ƙura ta rufe murfinsa. Wani an ajiye shi ne tun da mai shi ya rasu, wani tun lokacin da fetur ya yi tsadar da fito ya daina biyan kansa, wani kuma ya mutu ne a tsakiyar ruwa aka jawo shi gida aka ce sai an samu kuɗi. Idan ranar komawa ruwa ta zo, tambayar da ke gaban iyalin gidan ɗaya ce: shin a kashe kuɗi a tashi wannan tsohon, ko a nemo na hannu, ko kuwa a daure a sayi sabo? Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, shekarun inji da kyawun fentinsa ba su ne ke ba da amsa ba. Amsar tana cikin silinda da karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji, kuma ana iya samunta a kwana ɗaya ko biyu ba tare da an sayi komai ba.

Na ga haka da idona a kan injin ƙanin mahaifina, Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda ya yi damina huɗu a ajiye. Da aka fito da shi tsakar gida, ɗansa ya miƙa hannu zai ja igiya, sai bakanike ya riƙe masa hannu ya ce, "Haƙuri, ɗan uwa, ba a tashin mai barci da mari." Ya kwance fulogi biyun, ya ɗiga baƙin mai ta kowace kafa, ya ce a bar shi ya kwana. Washegari ya ɗora tafin hannunsa a kan faifan da ke saman inji, wanda igiya ke juyawa, ya murza a hankali yana kasa kunne. Ya juya sumul, babu ƙara, babu wurin da ya cije. Sai ya dubi mai injin ya ce, "Baba, wannan da sauran ransa." Abin da ya gano bayan haka ƙanana ne: ɓera ya gwagwiye waya ɗaya, tsohon fetur ya daskare a cikin kafireto ya zama kamar ƙaro, sannan zanzaro ya gina gidansa na laka a 'yar kafar da ruwan sanyaya inji ke tsartuwa.

Wannan gwajin na farko shi ne ke raba injin da ya cancanci gyara da wanda zai zama rami mai cin kuɗi. Idan faifan ya juya, sai a sa ma'aunin matsin iska a kafar fulogi, a ja igiya da ƙarfi sau huɗu ko biyar, a duba abin da allura ta nuna a kowace silinda. A irin waɗannan injuna ana sa ran ganin abin da ya kai 100 ko ya haura a ma'aunin psi, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne silindun biyu su yi kusa da juna, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kusan kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta nuna 120 ɗaya kuma 70, to akwai ringi da ya karye ko ya maƙale, ko kuma bangon silinda ya kakkarce. Daga nan sai a duba wuta, a jingina fulogi a jikin inji a ja igiya: tartsatsi shuɗi mai kauri shi ake nema, ba ja-ja mai rauni ba. Gwaji na ƙarshe yana can ƙasa, a gidan giya. A kwance ƙusar ƙasa a tari man a cikin murfin kwano. Idan ya fito baƙi ko ruwan zuma, lafiya. Idan ya fito fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga. Idan kuwa aka murza shi tsakanin yatsu aka ji ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya sun fara ci.

Injin da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje, a ganina, babu wani dalilin da zai sa a yar da shi, kuma a nan ne maganar da tsohuwar zuma ake magani take da gaskiya. Kamfanin Yamaha ya fara ƙera injunan kwale-kwale a 1960, kuma samfurin Enduro an yi shi ne musamman don masunta da 'yan fito a wuraren da fetur ba shi da tsabta, bakanike kuma ba shi da kwamfuta. Samfurin E40X, alal misali, silinda biyu gare shi, girman cikinsa cc 703, nauyinsa ya ɗan haura kilo 70, ba ya buƙatar batir, kuma ana iya warware shi a kan tabarma da sufana da sukudireba. Kayan gyaransa suna ko'ina, daga Yauri zuwa Baga a bakin Tafkin Chadi har Yeji a Ghana, saboda shi ne injin da ya fi yawa a waɗannan ruwaye. Abin da irin wannan tsohon yake buƙata sananne ne: a wanke kafireto a buɗe ƙananan kafofinsa, a sauya tiyon mai da famfon da ake matsawa da hannu, a sa sababbin fulogai, a zubar da man giya a zuba sabo mai lamba 90, sannan a sauya robar famfon ruwa ko da kuwa ta yi kama da sabuwa.

Wannan robar ta cancanci a tsaya a kanta, domin ƙaramin abu ce mai arha, amma ita ce ta fi kashe injunan da aka tasa bayan dogon zama. Tana cikin ƙafar inji, tana da fikafikai kamar farfela, kuma ita ce ke zuƙo ruwan kogi ta tura shi sama ya sanyaya silinda. Idan ta yi shekaru a lanƙwashe ba ta juyawa, fikafikan suna bushewa, sai su tsinke a ranar farko, guntayen su toshe hanyar ruwa, inji ya yi zafi fistin ya cije. Haka kuma idan aka tayar da inji a kan tudu babu ruwa, robar tana ƙonewa kafin minti ɗaya ya cika. Saboda haka gwajin farko a cikin duro ake yin sa, a cika shi har ruwa ya rufe kafofin shan ruwa da ke saman farfela, kuma da zarar inji ya tashi ido ya koma kan tsartuwar ruwan nan ta gefe. Idan ba ta fito ba, a kashe nan take. Ruwan Kwara, wato Kogin Neja, a lokacin damina cike yake da yashi, shi ya sa robar ke saurin cinyewa a nan fiye da a ruwa mai garau, kuma kainuwa da leda suna toshe kafofin ba tare da matuƙi ya sani ba.

Akwai kuma wata illa da dogon zama ke jawowa wadda ido ba ya gani. Injin da ake haɗa masa fetur da mai ba shi da wani tankin baƙin mai a cikinsa. Man da ke cikin fetur shi ne kaɗai ke jiƙa boris da fistin. Ke nan idan kafireto ya toshe rabi, ko robobin da ke rufe bakin karanshaf suka bushe suna shigar da iska, inji zai tashi, har ma ya yi ƙara mai daɗi, alhali yana gudu da ƙarancin mai, ƙarfe na cin ƙarfe. Bakaniken da ya ce tunda ya tashi an gama, bai gama ba. A nemi ya duba launin fulogi bayan an ɗan zagaya: ruwan ƙasa-ƙasa shi ne daidai, fari fat kuwa gargaɗi ne.

Lissafin yana sauyawa gaba ɗaya idan faifan ya ƙi juyawa, ko ya juya da ƙarar gurnani. A nan dole a tambayi tarihin injin, kuma a faɗi gaskiya. Idan tsatsa ce kawai ta ɗan kama ringi saboda zama, jiƙawa da mai na kwana biyu ko uku kan sake shi, kuma idan bango ya kakkarce ana iya rarake silinda a sa fistin mai ƙarin girma, wanda ake samu a milimita 0.25 da 0.50. Wannan gyara ne mai tsada amma mai ma'ana. Amma idan injin ya taɓa nutsewa aka tsamo shi aka jingine ba tare da an wanke cikinsa an tashe shi a ranar ba, to ruwa ya kwana a kan boris ɗin karanshaf, kuma tsatsar da ta ci wannan wurin ba ta gogewa. Karanshaf ɗin irin waɗannan injuna haɗe yake da matsi, sai da na'urar matsewa da ma'auni ake warware shi a mayar daidai, ba aikin gindin bishiya ba ne. Wanda aka gyara da guduma zai yi mako biyu ko wata guda, sannan ya watse, sau da yawa ya fasa gidan injin gaba ɗaya. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: idan gyara ya haɗa da karanshaf da fistin da giya a lokaci guda, ko jimillar kuɗin ta haura rabin farashin sabon inji mai irin ƙarfinsa, a sayar da shi a matsayin kayan gyara. Ƙafarsa da kwayil da kafireto da murfi duk suna da masu saye.

Na hannu shi ne zaɓin da ya fi jan hankalin mutane, kuma shi ne na fi jin tsoro. Iri biyu ne. Akwai wanda ya yi aiki a nan gida, wanda idan an san mai shi da dalilin sayarwa, ba shi da bambanci da tsohon da ke zaure, sai a yi masa gwaje-gwajen nan a gaban mai sayarwa. Akwai kuma tokumbo, wanda ya zo ta tashar jiragen ruwa ta Legas ko Kwatano, mai sheƙi da tsabtar murfi. Wannan sheƙin yana ɓoye abubuwa biyu. Na farko, tun daga 2007 dokokin hayaƙi na Tarayyar Turai suka hana sayar da sababbin injuna masu haɗin mai da kafireto don jiragen shaƙatawa, saboda haka galibin irinsu da ke fitowa daga can sun daɗe a duniya, komai kyawun fentinsu. Na biyu, da yawa daga cikinsu a teku suka yi aiki, kuma gishiri yana cin hanyoyin ruwa daga ciki, yana kuma manne ƙusoshi da jikin inji ta yadda sai sun karye kafin su kwance. Fararen ƙuraje a ƙarƙashin fenti, kusa da kan silinda, alamar gishiri ce.

Sai kuma maganar suna. Evinrude da Johnson injuna ne masu ƙarfi a zamaninsu, amma kamfanin da ya mallake su a Amurka ya karye a 2000, kuma wanda ya saye su ya daina ƙera Evinrude a 2020. Mutumin da ya sayi ɗaya daga cikinsu a Yauri saboda arha zai iya ajiye kwale-kwalensa wata uku yana neman kwayil guda. Haka nan a auna tsawon ƙafa kafin a biya, domin akwai gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20, kuma idan ba ta dace da tsayin bayan jirgi ba, ko dai farfela ta riƙa cin iska ko ta riƙa dukan ƙasa. A duba lambar da ke jikin maƙalar inji, a karɓi rasit mai ɗauke da wannan lambar, saboda satar injuna a bakin ruwa ba baƙon abu ba ne. Mai sayarwar da ya ƙi a sa ma'auni a injinsa, ko ya ƙi a tashe shi a duro, ya riga ya ba da amsa.

Sabon inji kuwa hawa uku ne. Sabon Enduro, ko takwaransa na Suzuki ko Tohatsu, shi ne mafi kwanciyar hankali, matsalarsa kawai kuɗi, domin da dala ake shigo da shi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsa ya fi ƙarfin yawancin masu kwale-kwale ɗaya. Na ƙasar Sin, irin su Parsun da Hidea, sun fi sauƙi sosai, kuma an ƙera wasu samfuransu a kan tsarin na Yamaha ta yadda kaya da yawa ke shiga juna, ko da yake ba duka ba. Ga mai kamun kifi da ke amfani da mai doki 15 kusa da gaɓa, sa'o'i biyu ko uku a yini, wannan zaɓi ne mai kyau, kuma na fifita shi a kan tokumbon da ba a san tarihinsa ba. Ga jirgin da ke ɗaukar buhunan hatsi da fasinja daga safe zuwa yamma, zan fi amincewa da tsohon Enduro mai lafiyayyen matsi wanda aka yi wa gyara da kaya na asali.

Hawa na uku shi ne injin da ba a haɗa masa mai da fetur, mai tankin baƙin mai kamar na mota. Babbar hujjarsa ita ce fetur, kuma hujja ce mai nauyi tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Mai doki 40 na haɗi yana shan kimanin lita 20 a awa idan an murɗe shi har ƙarshe, wato lita 100 a aikin awa biyar, kuma wani kaso mai yawa na wannan man yana fita ta salansa bai ƙone ba, shi ne maiƙon da ake gani a bayan jirgi. Wanda ba a haɗa masa mai kuwa yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan fetur, ko ma fiye idan ana tafiya a matsakaicin gudu. Ga mai dogon zango kullum, wannan rarar tana iya biyan bambancin farashi. Sai dai nauyinsa ya kusa kilo 100, mutum biyu ba sa saɓa shi cikin sauƙi su kai gida da dare. Yana son a sauya masa mai duk awa 100. Idan aka kwantar da shi ta gefen da ba daidai ba mai yana malala cikin silinda. Kuma samfuran da ke fesa fetur da lantarki ba sa jure fetur ɗin jarka mai ruwa da datti. Kafin a saye shi, a tambaya ko akwai bakaniken da ya taɓa buɗe irinsa a cikin tafiyar yini guda. Idan babu, rarar fetur ba za ta amfana ba ranar da ya tsaya.

Abin da ya kamata ya rinjayi duk wannan lissafin shi ne abin da jirgin ke ɗauka da kuma inda yake bi. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala dam a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma kamar Tafkin Volta a Ghana, cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye. Inji ya mutu a tsakiyar irin wannan ruwa da yamma, iskar hadari ta taso, jirgin ya juya gefensa ga igiyar ruwa da mata da yara a ciki, ba abu ne da filafili biyu za su iya gyarawa ba. Masunci da ke kusa da gaɓa yana iya jure injin da ke wahalar tashi; ɗan fito mai ɗaukar 'yan kasuwa ba shi da wannan damar, domin amanar rayuka ce a hannunsa. Saboda haka, ga jirgin fasinja ba zan yarda da injin da aka taɓa wa karanshaf a bakin ruwa ba, ko wanda silindunsa suka bambanta, komai arharsa. Kuma wanda ya samu ikon sayen sabo, ina ganin ya fi masa alheri ya tashi tsohon ya ajiye shi a cikin jirgi a matsayin na ko-ta-kwana maimakon ya sayar da shi, tare da rigunan ruwa da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ke nanata a sa wa kowane fasinja.

Wanda ya zaɓi gyara, to ya sa ido a kan kayan da za a sa masa, domin jabun ringi da boris da robar famfo sun cika kasuwa cikin kwali mai kama da na asali, kuma a nan ne araha ba ta ado. A fulogi da tiyo ana iya sassautawa, amma ban da abin da ke cikin inji. Ya tsaya a wurin lokacin da ake haɗawa, ya karɓi tsofaffin kayan da aka cire. Ya sa a cire farfela a duba bayanta, domin zaren raga yana naɗewa a kan sandar ya yanke robar da ke tsare man giya, kuma a juya sandar a ga ko dukan kututture ya lanƙwasa ta.

Idan an sa sabon fistin da ringi, inji ya koma kamar sabo wajen buƙatar lallaɓawa. A awa goma na farko ana ninka man haɗi, wato kashi 1 na mai a cikin 25 na fetur, ba a murɗe shi har ƙarshe, ba a kuma lodin jirgi. Bayan haka yawancin waɗannan injuna suna komawa 1 cikin 50, wato mililita 400 a jarka mai lita 20, sai dai idan rubutun da ke jikin injin ya nuna wani abu dabam. Man da ya dace shi ne mai alamar TC-W3, wanda aka yi don injunan da ruwa ke sanyayawa, ba baƙin man mota ko na babur ba, kuma a auna shi da kwalba mai alama, ba da ido ba. Fita ta farko a yi ta da safe, jirgi babu kaya, a nufi sama inda ruwa ke gangarowa, domin idan inji ya tsaya ruwan da kansa ya dawo da jirgin gida. Haka aka yi da na ƙanin mahaifina: suka haura na rabin awa bakanike na zaune a baya, hannunsa ɗaya a kan murfi yana jin zafi, idonsa a kan tsartuwar ruwa, sannan suka dawo ya sake kwance ƙusar giya ya tari man a tafin hannu, ya ga bai sauya launi ba, sai ya ce a iya ɗaukar kaya ranar kasuwa mai zuwa, amma fasinja sai an cika awa goman.